Wa Ke Tsaye Bayan Fasto?

A unguwar Albarika ta Parakou, bayan injin niƙa, akwai wata 'yar majami'a ta laka da rufin kwano. In aka yi ruwa mai ƙarfi sai a dakata da wa'azi, don ba mai jin wani. Kiristocin da ke jin Hausa ne ke taruwa a ciki: ma'aikatan tashar jirgin ƙasa, direbobi, matan da aure ya kawo daga Nijeriya, da irin su Ishaƙu tela, waɗanda aka haifa a gidan salla suka bi Almasihu da girmansu. In aka haɗa su da 'ya'yansu ba za su cika motar kasuwa ba.

Amma fa suna da abin tunƙaho, wato Fasto Ibrahimu. Shi ke share majami'a, shi ke ɗebo ruwa, shi ke kai marar lafiya asibiti a bayan kekensa. Kowace Lahadi da safe za ka tarar da shi durƙushe bakin ƙofa, da daro cike da ruwa da tsumma a kafaɗa. Duk namijin da ya zo, da duk tsohuwa, sai ya zauna kan benci ya miƙa ƙafa. Fasto na wankewa yana tambaya ƙasa-ƙasa, "Me ke damunka a makon nan, ɗan'uwa?" Shi kuwa ɗan Adam, in babba ya durƙusa gabansa yana cuɗa masa diddige, zuciyarsa narkewa take yi, bakinsa ya kwance. Abin da mutum bai gaya wa matarsa ba sai ya zuba shi cikin daron nan.

"Ni bara ne," in ji Fasto kullum. "Bara ba ya da kujera."

Da can akwai taron dattawan ikilisiya, Ishaƙu na ciki, da Baba Saidou mai gadin tasha. Su ke zama su tambayi fasto ina ya je, me ya yi, wa ya gani. To, tun da Fasto Ibrahimu ya kwashe kowane aiki ya ɗora wa kansa, taron ya koma na shan shayi, daga baya ya mutu murus. Da wane ido za ka tambayi mutumin da ya gama kankare maka kaushi? Sau ɗaya Ishaƙu ya ɗauki tsumman ya ce, "Baba, yau bari mu ma mu wanke taka." Fasto ya janye ƙafa kamar an ɗana masa garwashi, yana cewa a'a, a'a, bai isa ba. Kowa ya ce kai, tawali'u ya ƙare a kan wannan bawan Allah. Ba wanda ya tuna cewa wanzami ba ya son jarfa.

Akwai kuma wani ɗan abu. In an gama wanki aka shiga sujada, Fasto kan buɗe Littafi ya karanta wurin da Ubangiji ya wanke ƙafafun almajiransa. Da ya kai "na wanke muku ƙafafu" sai ya rufe ya ce amin. Ishaƙu ya iya karatu, ya san ayar ba a nan ta tsaya ba, saura inda aka ce su ma su riƙa wanke wa juna. Ya lura shekara da shekaru, ya ɗauka alkunya ce, don kada mutane su ji kamar aiki ake ɗora musu.

Mutum ɗaya ce ta taɓa tanka maganar, ita ma ba 'yar majami'a ba ce. Inna Rakia, uwar Ishaƙu, Musulma ce mai tasbaha a wuya, tana zaune a Sérou kusa da Djougou tana sayar da sassaƙe da jiƙon yara. Ranar da ɗanta ya bar salla ta yi kukanta ta share hawaye, ta ce ciki bai haifi abin yarwa ba. Gajeriya ce mai zanen ɗigo-ɗigo, ga surutu tun asuba, shi ya sa Ishaƙu ke kiranta tsohuwar zabuwa, ita kuma ta kai masa dundu. Wani zuwa da ta yi Parakou, ya cika mata kunne da labarin Fasto, ta saurara har ya gaji, sannan ta ce:

"Wanga malamin naku, wa ke tsaye bayanshi?"

"Bayansa kamar yaya, Inna?"

"Mu liman, komi iliminshi, in ya yi kure cikin salla na baya ke cewa subhanallahi, shi gyara. Ko wa ya faɗa, liman ba ya hushi. Ku wa ke ce ma naku?"

Ishaƙu ya yi dariya har allura ta soke shi. "Namu ba ya kure, Inna."

"To, Allah shi kyauta. Ashe mala'ika kuka samu."

Wannan kuwa zamanin juyin juya hali ne, lokacin da kowa ya koma kamarad, da malami da mai tallan gyaɗa. Kowace unguwa da komitenta, kowane komite da delegensa, wato shugabansa, delege kuwa in ya yi tari sai unguwa ta kama mura. An karɓe makarantun mishan, an rufe ƙananan wuraren ibada nan da can, amma ta Albarika tana buɗe, mutanenta na cewa addu'ar Fasto ce. Sai kuma aka tashi yaƙi da mayu. Tsohuwa in ba ta da haƙora, ko tana da baki, ko ta san ganye, to ta kwana da shiri.

Inna Rakia ta haɗa duka ukun. Cikin bazara wani jariri ya mutu a Sérou bayan an ba shi jiƙonta, kafin a rufe shi an fara nuna gidanta da baki. Zuwaira, ƙanwar Ishaƙu da ke aure a Djougou, ta yi maza ta ɗauko ta cikin kayan dawa, ta ɓoye ta a ɗakin da take dafa sabulu bayan gida. Ta aiko wa wanta da saƙo ta bakin mijinta Hachimou: Inna na nan lafiya, amma ya rufe bakinsa ruf.

Ya rufe kuwa. Bai gaya wa matarsa ba, bai gaya wa Baba Saidou ba. Sai dai abin ya hana shi ci, ya hana shi ɗinki, har ya haɗa wa wani hannun riga a baibai. Ranar Lahadi ya zauna kan bencin nan, ruwa mai sanyi ya sauka kan ƙafarsa, muryar nan ta ce, "Me ke damunka, ɗana? Na ga ka rame."

"Tsohuwar zabuwata ce, Baba. Mun kife ta da kwando a Djougou. Ina jin tsoro."

"Ayya. A ina take, don in ambaci wurin cikin addu'a?"

"Ɗakin sabulun Zuwaira."

Fasto ya matse tsumma, ya goge masa tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya. Ishaƙu ya shiga sujada sakayau, kamar an sauke masa buhu daga ka.

Mako bai zagayo ba Hachimou ya diro shagonsa, ko sallama babu. 'Yan komite sun zo da rana tsaka. Ba su duba ɗakin kowa ba, ba su leƙa rumbu ba, kai tsaye suka nufi ɗakin sabulu.

Ishaƙu ya bar keken ɗinki da zane a bakinsa ya hau motar Djougou. Zuwaira na ganinsa ta cakumi wuyan rigarsa.

"Wa ka gaya ma? Yaya, wa ka gaya ma?"

"Ban gaya wa kowa ba!"

Kuma har ga Allah ya gaskata abin da ya faɗa. A lissafinsa daron Fasto ba kowa ba ne, rami ne da ake zuba magana ta tafi sama.

Ofishin komite wani tsohon kanti ne da fili a bayansa, shimfiɗe da jar tsakuwa. Delegen, Massaoudou, saurayi ne da bai gama tara gemu ba, sanye da kaki, ya ɗora ƙafa kan tebur. Ishaƙu ya cire hula, ya yi gaisuwar zamani, ya faɗi sunansa da na uwarsa. Massaoudou ya sauke ƙafa yana murmushi.

"Ah, bon! Kai ne telan Parakou. Kamarad, ka zo neman tsohuwar zabuwarka? Mun ɗaga kwandon."

Ishaƙu ya ji kamar an kwaɗa masa taɓarya a ƙeya. Zabuwa dai sunan gida ne, wani na iya ji. Amma kwando? Kwandon nan sau ɗaya ya taɓa fita daga bakinsa a duniya, kuma kunne ɗaya ya shiga.

"Wa... wa ya gaya muku?"

"Daga Parakou aka bugo mana waya. Suna da mutum a Albarika, amintacce, bai taɓa ba su labarin banza ba. Ya ce ɗanta na cikinta ma tsoronta yake ji. To in ɗa ya shaida uwarsa mayya ce, mu su wa?"

"Ni? Ni na ce haka? Tsoron abin da zai same ta na ce!"

"Wannan tsakaninku ne. Da ƙorafin 'yan Sérou ne kaɗai, da sauƙi, kullum cikin ƙorafi suke. Shaidar nan ce ta ɗaure ta. Wanda ya ɗaura shi ke kwancewa. Ya zo nan da bakinsa ya janye, voilà, ka ɗauki abarka."

Ta taga Ishaƙu ya hango filin. Tsofaffi mata a jere cikin rana, ba takalmi, ba ɗankwali, an ce su tsaya kan tsakuwar har su amsa laifinsu. Ta ƙarshen layi gajeriya ce mai zanen ɗigo-ɗigo. Tana ɗaga ƙafa ɗaya ta sauke, ta ɗaga ɗayar, leɓunanta na motsi. Wannan ne karo na farko a rayuwarsa da ya ga uwarsa ba ta surutu.

Hanyar komawa Parakou bai san ya bi ta ba. Zuciyarsa na ta kawo wa Fasto uzuri, wataƙila wani ya laɓe, wataƙila cikin addu'a ya ɗaga murya. Ya same shi yana shara a majami'a, shi kaɗai. Ya faɗa masa komai, yana jira ya ga mutumin ya zabura, ya rantse, ko ya faɗi. Fasto ya jingina tsintsiya a hankali.

"Ɗana, bara ga Ubangijinsa kaɗai yake ba da amsa."

"Baba, ban gane ba. Kai ne ko ba kai ba ne?"

"Akwai nauyin da makiyayi ke ɗauka, tumaki ba su sani ba. Ka je ka yi addu'a."

"Inna na tsaye kan wuta! Mu je Djougou ka janye."

"In na je, an san ni ke nan. In an san ni, ƙofar nan ta rufu." Ya ɗauki tsintsiyarsa ya ci gaba, har yana cewa Ishaƙu ya ɗan ɗaga ƙafa.

Ishaƙu ya fita yana haɗa hanya, ya nufi tasha wurin Baba Saidou. Tsohon bai bari ya kai aya ba. "Tir! Rufe bakinka, Ishaƙu. Mutumin da ya wanke ni da hannunsa ranar da aka kama ɗana? Baƙin ciki ne ya taɓa maka kai. Je ka kwanta."

Washegari Lahadi. Ishaƙu ya ratsa ta gefen daro da takalmansa, abin da ba a taɓa yi ba, mata suka bi shi da kallo. Aka yi waƙa, aka zauna. Fasto ya buɗe Littafi da muryarsa mai laushi, ya karanta yadda Ubangiji ya tuɓe mayafi, ya ɗaura tsumma, ya zuba ruwa. Ya kai "na wanke muku ƙafafu," ya fara rufewa.

"Subhanallahi!"

Ishaƙu kansa bai san daga ina ta fito ba. Kalmar da ya baro a masallacin Djougou tun yana saurayi, ita ce ta taso ta fashe a tsakiyar majami'a, ga shi tsaye. Wata mata ta dafe ƙirji ta ce Yesu! Mai ganga ya saki gangarsa ta gangara ƙarƙashin benci. Wani ya ce shi ke nan, tela ya koma.

"Ban koma ko'ina ba," in ji Ishaƙu. "Kure aka yi, nake gyarawa. Baba, ƙarasa ayar. Ba a nan ta tsaya ba."

Fasto ya ƙarasa rufe Littafin.

"To ni zan ƙarasa. Cewa aka yi mu wanke wa juna. Juna! Shekara nawa kana wanke mu, wa ya taɓa ganin tafin ƙafarka? Shekara nawa kana tambayarmu, wa ya taɓa tambayarka? To yau ni dattijon ikilisiya ne, ina tambaya a gaban jama'a. Maganar da na faɗa maka bakin daro, yaya aka yi na tsince ta a bakin delegen Djougou?"

Kowa na jiran Fasto ya musa, da ya musa kuwa da sun yarda da shi, su fitar da tela waje. Sai ya ajiye Littafi ya haɗa hannuwa, fuskarsa ba fushi ba kunya, kamar mai bayyana wa yara abin da ya fi ƙarfinsu.

"Kuna tsammani da me ƙofar nan take buɗe? Majami'ar Kpébié an mai da ita wurin ajiye masara. Mu ma an kira ni, aka ce ko in riƙa kawo labari ko a sa kwaɗo. Na duba hagu na duba dama, ba kowa, kun bar mini komai. Sai na riƙa ba su ƙanana don in ceci babba. Ban ci ko sisi ba, Allah ya sani. Don ku na yi." Ya juyo wajen Ishaƙu da tausayi, tausayi fa na gaske, abin da ya fi komai ban tsoro ke nan. "Wannan karon ma na yi murna da ba daga cikin garke na ɗauka ba. Tsohuwar ai ba tamu ba ce."

Wata tsohuwa ta rushe da kuka. Can sai aka ji benci ya yi ƙara, Baba Saidou ya miƙe yana dafa bango.

"Wannan karon, ka ce? To wancan karon fa?" Ya nuna Fasto da yatsa. "Ɗana da ya gudo daga lakwal, wato makaranta, lokacin yajin ɗalibai. Na ce maka yana gidan ƙanena a Tchaourou. Kai kaɗai na gaya wa. Ka ce in faɗi wurin don ka ambata cikin addu'a."

Fasto ya sunkuyar da kai.

Daga nan ba wanda ya ƙara kallon bagade. Direban da aka ƙwace wa mota a hanyar Nikki ya dubi ƙasa. Malamin da aka yi wa canjin wurin aiki ba dalili ya dubi ƙasa. Layi bayan layi mutane suka sunkuya suna kallon ƙafafunsu, ga su nan fes, wasu ma ba su gama bushewa ba.

Ba a doke shi ba, ko da yake an yi niyya. Baba Saidou ne ya hana, yana kuka yana cewa laifin a raba, su ma sun ga hutu sun miƙe ƙafa. A take dattawa suka zauna, zaman da suka shekara ba su yi ba, suka sa Fasto kan bencin bakin ƙofa, suka yi ta tambaya yana amsawa. Da ya ce za a rufe majami'a, Baba Saidou ya ce a rufe, gindin mangwaro ma Allah na ji. Kafin la'asar suna cikin motar Djougou, Fasto a tsakiya, Ishaƙu a dama, Baba Saidou a hagu.

Massaoudou ya sha mamaki da ya ga amintaccen nasu da idonsa. "Fasto? Ça alors!" Ya yi dariya har da buga tebur. Fasto ya janye maganarsa da muryar da ba ta fi ta sauro ba. Delege ya ɗaga kafaɗa ya ce a fito da ita.

Ba da ƙafarta ta fito ba. Zuwaira da Hachimou ne suka tallabo ta suka zaunar kan dakali. An naɗe ƙafafun da tsummokara, da Zuwaira ta warware sai Baba Saidou ya kau da kai. Tafin ya saɓule gaba ɗaya, ya kumbura, yatsun sun yi baƙi. Mai gadin wurin ya ce tun jiya ta daina iya tsayuwa, a zaune ta ƙarasa.

Fasto Ibrahimu ya zube gabanta. Hannunsa ya kai kafaɗa neman tsumman da ba ya nan. "Ruwa," ya ce. "A ba ni ruwa da daro."

Inna Rakia ta ja ƙafafunta baya, da zafin da komai, ta cusa su ƙarƙashin zane. Ta dube shi sama da ƙasa, sannan ta dubi ɗanta.

"Shi ne mala'ikan?"

"Shi ne, Inna."

"Ka ce mishi subhanallahi?"

"Na ce, Inna. A gaban kowa."

"A raka'a ta nawa?"

Ishaƙu ya dubi gefen zanen, inda jini ya fara ɓullowa ta cikin ɗigo-ɗigon. Ya tuna shekarun da ya yi yana jin ana tsallake ayar nan yana cewa amin.

"Bayan an sallame, Inna."

Ya juya ya durƙusa, Zuwaira ta ɗora masa ita a baya, ta ɗaure da zanenta. Ba ta fi nauyin ɗan yaye ba. Haka ya goya ta zuwa tasha, haka kuma aka riƙa goyonta har ƙarshen ranta.